Abin da Ya Maƙale a Kunnen Kwamfuta

Ƙarfe bakwai saura kwata Auta ya buɗe kwamfutar, ya jira ta gaishe shi. Ba ta gaishe shi ba.

Ya ji fankarta ta tashi, ya ji ɗumin da ke fitowa ta gefen hagu, ya san tana raye. Muryar ce babu. Shekara uku ke nan kullum safiya muryar nan ce ke fara yi masa magana, tun da hawan jinin ido ya ƙarasa cinye ɗan ganin da ya rage masa. Ita ke karanta masa duk abin da ke kan allo, wasiƙa da suna da lamba, har harafin da yatsansa ya taɓa. In ta yi shiru, da kwamfutar da farantin cin abinci duk ɗaya ne a wurinsa.

Kuma yau ce ranar kwamiti. Ƙarfe goma mutum uku za su zauna a ofishin shugabar makaranta su duba ko har yanzu yana iya aikinsa, ko kuwa a sallame shi da takardar rashin lafiya. Aikin nasa tsara jadawali ne. Makarantar na da malamai sittin da ɗaya, azuzuwa talatin da biyu, kuma shekara goma sha tara shi ke zaunar da kowa inda ya kamata a lokacin da ya kamata, ba a taɓa samun malami ɗaya a aji biyu ba. Sunansa ma ya ɓace a wurin, Mai Jadawali kowa ke cewa. An rubuto masa cewa ya zo da na'urar da yake iƙirarin yana aiki da ita, a gani da ido.

Ya danna maɓallin ƙara sauti sau goma. Ya kashe, ya kunna. Ya lalubo iyafis, abin sauraren kunne, a aljihun jaka ya soka, ya sa a kunne. Shiru. Ya zare ya ajiye a kan tebur.

Kwamfutar tsohuwa ce, ofis ya yar ya ɗauka. A shekararsa ta ƙarshe da ido, lokacin da sai ya manna hanci a allo yake ganin manyan haruffa, da hannunsa ya goge abin da ke kanta ya ɗora mata tsarin nan da ba na wani kamfani ba, wanda mutane daga ko'ina suka haɗu suka gina suka bar shi a buɗe, duk mai so ya leƙa cikinsa ya gyara. Ya zaɓe shi ne don ba shi da nauyi a kan tsohuwar na'ura, kuma ana iya yin komai a cikinsa da rubutu ba sai an ga inda kibiya take ba. Jiya kafin a tashi aiki ya bar shi ya sabunta kansa. Don haka bai yi wata shakka ba, ya ce sabuntawar nan ce ta kashe shi.

Ya yi minti arba'in yana buga umarnin da ya haddace, ɗaya bayan ɗaya, bai san ko suna shiga ko suna zubewa ba. Daga nan ya ɗauki ƙaramar wayarsa mai maɓallai ya kira mai gyaran da ke bakin titi. Mai gyara na jin irin tsarin da ke kai ya ce shi ba ya taɓa wannan abin na 'yan boko, amma a kawo ya goge ya sa na mutane, kafin azahar an gama. Auta ya yi masa godiya ya kashe. Gogewar za ta tafi da muryar, ta tafi da jadawalin zango uku.

Takwas da minti goma ya ji takun Yaya a bene. Ba ya ɓace masa. Takan tsaya a hawa na biyu ta huta, ta yi wa wanda ya gina gidan addu'ar da ba ta alheri ba, sannan ta ƙaraso.

Yaya ta girme shi da shekara goma sha huɗu, ita ta goya shi. Nas ce mai ritaya, ta yi shekara talatin da biyu a sashen gaggawa na yara, kuma har yau duk wanda ta kalla kamar tana auna masa zafi ne. Yana da shekara arba'in da bakwai, amma a bakinta bai wuce Auta ba. Matarsa ta tafi tun kafin idon ya tafi, saboda haka ba wanda ya samu damar ɗora mata laifi, sai Yaya ta ɗauki zaman kaɗaicinsa ta mayar da shi aikinta. Tun bara take cewa ya karɓi sallamar nan da mutuncinsa ya dawo gidanta, akwai ɗaki a ƙasa, ba bene, ba tsallaka titi. Yau ta zo ne ta kai shi a motarta, kuma ba ta ɓoye masa wane sakamako take roƙa ba.

Ta same shi da singileti, shayi ya huce a gefe. Ya gaya mata abin da ya faru a taƙaice. Ta tambaya ko ba za a yi da kwamfutar ofis ba, ya ce waccan ba ta magana. Ta tambaya ko ba za a ɗaga zaman ba, ya ce sau biyu ana ɗagawa saboda likita, in ya nemi na uku da kansa ya amsa musu tambayarsu ke nan.

Ta ja kujera ta zauna. Ya ji ta ajiye jaka, ya ji makullin mota ya bugi tebur.

"Wataƙila sauƙi ne Allah ya kawo maka, Auta," in ji ta.

"Wataƙila. Amma ara mini idonki na minti goma, Yaya. In bai yi ba, sai mu je in sa hannu."

Sai ya ji ƙarar gidan tabarau ya buɗe.

Ya ce ta karanta masa abin da ke kan allo. Ta ce baƙin allo ne cike da ƙananan rubutu kamar tururuwa, kuma layi bakwai na ƙarshe duk abu ɗaya suke faɗa, wai ba a gane umarnin ba. Ashe tun farko yatsunsa sun goce da harafi ɗaya. Minti arba'in ɗin nan duk a iska ya zuba su. Ta ce ai dama tun yana firamare haka yake, in ya rikice sai ya ƙara gudu.

Suka fara daga farko. Ya buɗe wurin saitin sauti, ta karanta. Sauti a cike yake. Ba a kashe komai ba. Ya ce ta duba inda aka rubuta ta ina sautin ke fita. Ta ce an rubuta ta abin kunne. Ya ce ba zai yiwu ba, ga abin kunnen nan a kan tebur. Ta ce ita dai abin da ke rubuce ta karanta, in yana da wata nas ɗin ya kira ta.

Ya ji ta ɗauki iyafis ɗin, wayarsa ta ja kan tebur.

"Wannan haka kansa yake, a gundule?"

Ta kama hannunsa ta ɗora yatsansa a bakin ƙarfen. Inda ya kamata ya ji ɗan kai mai santsi, sai ya ji kaifi. Nan take ya tuna. Jiya da aka buga ƙararrawar tashi ya miƙe da abin a kunnensa, wayar ta fizgi kwamfutar har ta kusa faɗowa, ya tare ta da gwiwa, ya rufe, ya cusa komai a jaka. Da safen nan ya soka shi ya zare, hankalinsa na kan sabuntawa, bai ko lura cewa bai shige duka ba.

Yaya ta juya kwamfutar, ta kunna fitilar wayarta ta haska ramin da ake soka iyafis, ta ce ga guntun can ciki yana ƙyalli. Ta buɗe jakarta. Ritaya ba ta raba ta da hantsaki ba. Ya ji ƙarfe na taɓa ƙarfe, sau ɗaya, sau biyu. A na uku ta ajiye.

Ta ce ba za ta ƙara ba. Ta ce ta ciro dutsen ado da ƙwayar wake da kan biro daga kunnen yara fiye da yadda za ta iya tunawa, kuma waɗanda suka fi ba ta wahala su ne waɗanda uwa ta riga ta bi da tsinke a gida. Wannan ya zauna daram, ba wurin kamawa, in ta matsa ciki zai ƙara shigewa ya ɓata abin da ke bayansa. Aikin mai kayan aiki ne, kuma ba na yau ba.

Ƙarfe tara saura ashirin. Daga gidan zuwa makaranta rabin sa'a ne in titi ya yi kirki.

Amma Auta ya ji hankalinsa ya kwanta a karon farko tun safe, domin yanzu ya san ciwon. Ya bayyana mata: a cikin ramin akwai ɗan abin da ke ji in an soka iyafis, sai ya gaya wa na'urar ta rufe lasifikarta don kada a dami mutane. Guntun nan na danne da shi. Na'urar ba ta lalace ba, ladabi take yi, tana can tana ta magana a kunnen da babu.

"To a ce mata ta daina mana," in ji Yaya.

Ya ce akwai inda ake ce mata, ya taɓa ji, amma bai san ƙofar ba. Ya faɗa mata abin da za ta rubuta a wayarta ta nema. Ta yi ta mita tana bugawa da yatsa ɗaya. Na farko talla ne. Na biyu bidiyo ne na minti ashirin, wani yana ta gaisuwa. Na uku wani dandali ne da masu irin wannan tsarin ke kai kukansu. Ta ce wani ya rubuta cewa ɗansa ya karya kan iyafis a cikin ramin, lasifika ta ɗauke. Mutum biyar sun ce ya sayi sabuwa. Na shida ba shi da suna, hoton kyanwa ya sa, kuma ya ba da amsa a layi huɗu. Ta duba kwanan wata ta ce shekara goma sha ɗaya ke nan da rubutawa.

Layin farko kalma ɗaya ce mai harafi tara. Ta karanto su ɗaya ɗaya, da irin muryar da take karanta sunan magani ga sabuwar ma'aikaciya, shi kuma yana bugawa, tana duba allo tana cewa ya shiga. Ya danna. Ta ce allon ya canja, wasu dogayen sanduna sun fito a jere, kore a ƙasa ja a sama, kamar an jera ma'aunin zafi a tire. Kowace da sunanta a ƙarƙashi.

Layi na biyu ya ce a yi ta tafiya dama har a kai wadda ba ta da sanda, mai kula da rufe lasifika da kanta. Yana danna kibiya tana karanta sunaye. Suka wuce bakin allo, wasu suka ƙara fitowa. A ta goma sha ɗaya ta ce tsaya, ga ta, an rubuta tana aiki. Ya danna ƙasa. Ta ce yanzu an rubuta an dakatar.

Suka saurara. Fanka kawai.

Ya tambaye ta ko ta tabbata abin da ta karanta. Ta ce shekara talatin da biyu ba ta taɓa ba yaro maganin wani ba, ya bar ta ta karanta layi na uku. Layin ya ce a koma kan sandar lasifika a duba ƙasanta, in akwai harafi biyu iri ɗaya to a kulle take, a danna wannan harafin sau ɗaya. Ya koma hagu tana ƙirga masa. Ta ce ga su nan, tagwaye. Ya danna.

Muryar ta faso ɗakin da ƙarfinta duka, domin ɗazu ya ƙure sautin. Yaya ta zabura har kujera ta yi ƙara. Abin da ta ji ba magana ba ce, wani ruwan surutu ne kamar an saki kaset da gudu. Ta tambaya ko wani abin suka kuma ɓatawa. Ya ce a'a, haka yake saurarenta, ya ninka saurinta uku, in ba haka ba aikin yini sai ya kai shi kwana biyu. Ta ce me ta ce yanzu? Ya ce ta ce batir saura kashi sittin da huɗu. Yaya ta leƙa kusurwar allo, ta ce haka ne.

Layi na huɗu na adana saitin ne don kada ya gudu in an kashe. Wannan da kansa ya buga, muryar na bin yatsunsa harafi harafi. Ya kashe ya kunna don ya tabbata. Kwamfutar ta gaishe shi. Ya ɗan daɗe da tafin hannunsa a kan madannai. Wani mutum a wani gari, wanda ba zai taɓa sanin sunansa ba, ya zauna wata rana ya rubuta wa baƙo layi huɗu ya tashi ya ci gaba da harkarsa. Auta ya yi masa addu'a a zuci, shi da iyayensa, har da kyanwar.

"Tashi ka sa riga," in ji Yaya. "Ba shuɗiyar ba, wuyanta ya yi datti."

Sun isa goma saura minti huɗu. Ta riƙe masa gwiwar hannu har ƙofar ofis, ta zauna a bencin waje.

A ciki akwai shugabar makaranta, da likita, da wani jami'i daga hukumar ma'aikata mai yawan jan hanci. Auta ya ba su haƙuri tun farko, ya ce ya saba aiki da abin kunne don kada ya dami kowa, amma yau ramin a toshe yake, dole su ji abin da yake ji. A shekara ukun nan ba wanda ya taɓa jin muryar a makarantar. Abin da suke gani kawai makaho ne zaune da waya a kunne yana buga madannai, kuma ya san wasu na cewa wani ne ke yi masa aikin a gida.

Jami'in ya karanto jarrabawar daga takarda. Malamar kimiyyar sinadarai za ta tafi hutun haihuwa daga Litinin. Ɗakin gwaji zai kasance a rufe duk Laraba. A gyara jadawalin aji biyar ba tare da an taɓa na aji shida ba.

Ya buɗe jadawalin, muryar ta ɓarke. Jami'in ya ce a dakata, wannan hayaniyar me ce ce? Auta ya rage saurin zuwa na mutane, suka ji tana cewa Litinin, darasi na farko, aji biyar A, lissafi. Ya mayar da ita saurinsa, ya bar ta ta zuba layi guda, ya tsayar, ya maimaita musu abin da ta ce. Likita ya taso ya zagayo bayansa ya duba allo. Ya ce a sake. Aka sake sau uku, a wurare uku da likitan ya zaɓa da kansa. Daga nan ya koma kujerarsa.

Gyaran ya ɗauki minti goma sha huɗu. Da ya gama jami'in ya duba ya ce akwai hanya mafi sauƙi, me ya sa bai mayar da darasin gwajin safiyar Alhamis ba, ga malamin da zai karɓa ba shi da komai a lokacin? Auta ya ce a takarda ba shi da komai. Amma duk safiyar Alhamis yana kai mahaifiyarsa wankin ƙoda, shekara biyu ke nan, shi ya sa wurin yake a buɗe. Shugabar ta ce haka ne. Jami'in ya ja hanci, ya yi rubutu mai tsawo.

Suka ce ya jira a waje. Bai kai minti goma a bencin ba shugabar ta fito da kanta. Ta ce zai ci gaba da aikinsa, za a sake dubawa bayan shekara biyu kamar yadda doka ta ce, kuma maganar hutun haihuwar ba ƙirƙira ba ce, tana son jadawalin a allon sanarwa kafin a tashi. Ta gaisa da Yaya ta koma.

Yaya ta raka shi ofishinsa, ɗan ɗaki a ƙarshen baranda kusa da inda ake buga ƙararrawa. Ta ce ta ji komai ta ƙofa, abin nan ba ya magana a hankali. Ta buɗe taga, ta ce wurin na warin tsohuwar takarda. Ta sa masa caja a bango ba tare da ya roƙa ba.

Ya zauna, ya ajiye kwamfutar. Akwai abin da ke cinsa tun a mota.

"Yaya, da kin ce ba ki ga komai a ramin nan ba, da ban taɓa sani ba."

"Na yi tunanin haka," in ji ta. "Har sau biyu. Da na ga guntun, da kuma lokacin da muka danna ba ta yi magana ba. Na ce in yi shiru da layi na uku."

"Me ya hana?"

"Ban saba ba. In na ga abu a kunne sai na faɗa." Ta ɗauki jakarta. "Kuma ban canja ra'ayi ba, kada ka ɗauka. Benen nan zai kashe ɗayanmu."

"Na gode, Yaya."

"Ka ci wani abu. Tun safe ba abin da ya shiga cikinka."

Ya bi takunta da kunne har ƙarshen baranda, ya ji ta tsaya tana yi wa wani ɗalibi faɗa a kan igiyar takalmi. Kafin ya buɗe kwamfutar an ƙwanƙwasa ƙofa. Malamin tarihi ne, ya ce ya ji an ce Mai Jadawali na nan daram, barka, sannan ko za a iya raba shi da darasin ƙarshe na ranar Litinin.

Auta ya ce ya zauna, bari su ji abin da kwamfutar za ta ce.